UMfahren ko umFAHren? Yadda na kashe kyanwar maƙwabciyata da baki

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masu Jamusanci a cikinku ku zo ku fitar da ni daga duhu, tun jiya abin nan yake cina ko barcin kirki ban yi ba. Akwai wata tsohuwa Bajamushiya a hawan ƙasa na gidan da nake haya a nan Dortmund, mutuniyar kirki ce wallahi, ita ke karɓar mini kaya in an kawo ba na nan, tana da wata jar kyanwa ƙatuwa wadda ba ta da aikin yi sai baje ciki a tsakiyar hanyar shiga gida. Jiya da yamma na dawo daga aiki a kan keke na tarar da ita kwance kamar kullum, na karkata kan keke na zagaye ta na wuce abina ko gashinta ban taɓa ba. Ina cikin ɗaure keke sai tsohuwar ta leƙo ta taga tana tambayata ko na ga kyanwarta, ni kuma don in nuna mata kuɗin da na biya na ajin Jamusanci matakin B1 bai tafi a banza ba sai na washe baki na ce "Ja, ich habe Ihre Katze umgefahren." Jama'a! Matar nan ta dafe ƙirji ta ƙwalla ƙara ta fito a guje takalmi ƙafa ɗaya, ni ina tsaye da makulli a hannu ban san laifin da na yi ba. Can sai ga kyanwa ta taho tana miƙa. Ta dubi kyanwa ta dube ni, ta ce "umFAHren! Sie haben sie umFAHren!" tana buga FAH ɗin nan kamar za ta fasa mini dodon kunne, ta sunkuci abarta ta shige. To abin da ya ɗaure mini kai, ai kalmar da na faɗa ita ta maimaita, ge kawai ta cire. Me na ce mata ne wai?

Maman Hanif:
Innalillahi hhhhhh Ɗan Fagge ka gama da ni yau. Ce mata ka yi ka banke kyanwar da keke, kuma kana washe baki kana ba ta labari.

Ɗan Fagge:
Haba Anti ki bar wasa don Allah

Maman Hanif:
Wallahi ba wasa nake ba, bari Malam ya zo ya yi maka dalla-dalla, ni dariya ta hana ni rubutu

Malam na Bonn:
Wa alaikumus salam. Ƙanena kwantar da hankalinka, ba kanka farau ba, ramin nan duk mai koyon Jamusanci ko ya faɗa shi ko ya ga wanda ya faɗa. Abin da ke nan shi ne umfahren ba kalma ɗaya ba ce, kalmomi biyu ne suka sa riga iri ɗaya, ko a ƙamus ɗin Jamusanci na Duden ka duba kowacce gidanta daban aka yi mata. Ta farko nauyin murya a kan um yake, UMfahren, wato ka banke abu da mota ko keke har ya kai ƙasa. Ta biyu nauyin a kan fah yake, umFAHren, wato ka kewaye abu ka wuce ba ka taɓa shi ba. Ka ga ke nan ɗaya kishiyar ɗaya ce. Su kansu Jamusawa suna barkwanci da ita, sai ka ji sun ce umfahren ita ce kishiyar umfahren, kuma irin kalmomin nan suna ce musu Januswort, daga sunan wani gunkin Rumawa mai fuska biyu, ɗaya tana kallon gaba ɗaya baya.

Inda ka faɗi kuwa shi ne ge ɗin nan da ka raina. Mai nauyi a kan um rabuwa take yi: ich fahre das Schild um, um ɗin ya tsinke ya koma can ƙarshen jimla, in kuma abin ya riga ya faru sai ge ya kutsa tsakiyarsu, umgefahren. Mai nauyi a kan fah ba ta rabuwa ko ana ha maza ha mata: ich umfahre das Schild, kuma ba ta karɓar ge sam, ich habe das Schild umfahren. Don haka da ka sa ge ɗin nan ka riga ka yanke wa kyanwa hukunci, ko da wace irin murya ka faɗa.

Ɗan Fagge:
Tabɗijam. Harufa biyu kacal suka mayar da ni mai kisan kai. Amma Allah gafarta Malam a aji abin da aka koya mana shi ne su be, ver, er, ent, zer, ge, emp, miss ba sa rabuwa har abada, su an, auf, aus, ein, mit, zu kuma kullum rabuwa suke. Ni um ɗin nan a layin masu rabuwa na ajiye shi saboda umsteigen, wato canza jirgi, da nake ji kullum a jirgin ƙasa, ich steige in Essen um, da umziehen, ban taɓa sanin yana da wata fuska ba

Malam na Bonn:
Abin da aka koya maka daidai ne, sai dai akwai rukuni na uku da ba a cika tsayawa a kansa ba sai an kai B2, ni jemagu nake ce musu, ba su cikin tsuntsu ba su cikin dabba: durch, über, um, unter, wider da wieder. Yau su rabu gobe su ƙi. Wani aikataun da fuska ɗaya kawai yake zuwa kamar umsteigen ɗinka, ba shi da matsala. Masu kayar da mutum su ne masu zuwa da fuska biyu.

Tafintar Hannover:
Ɗan Fagge kada ka ji komai, ni da nake cin abinci da harshen nan ma na sha kunyata. Farkon fara aikina na tafinta wata abokiyar aikina ta ba ni wasiƙar wata baiwar Allah in juya mata zuwa Jamusanci, da na gama na kai mata ina ta jin kaina na ce "Ich habe den Brief übergesetzt." Ta ɗago kai ta cire tabarau ta ce "Mit welcher Fähre?" wato a wane jirgin fito na ƙetarar da ita. Duk ofis aka kwashe da dariya ni ko ban gane ba sai da ta zaunar da ni. ÜberSETZen ita ce fassara, ba ta rabuwa, ich übersetze, ich habe übersetzt. ÜBERsetzen kuma fito ne, irin na masu kwalekwale a Yawuri ko Lokoja, a ɗauke ka daga wannan gaɓa a kai ka waccan, der Fährmann setzt uns über, er hat uns übergesetzt. Kuma fa ba tsohuwar kalma ba ce da ta mutu, duk wanda ya bi kogin Rhein tsakanin Mainz da Koblenz ya san babu gada a tsakanin nan sai jiragen fito, kamar na Bingen zuwa Rüdesheim, mota da mutane duk a ciki. Tun ranar in zan faɗi kalmar sai na ga tabaran matar nan a idona.

Injiniyan Aachen:
To ai da wannan misalin an zo wajen. Akwai doka mai sauƙi da wani ɗan ajinmu ya ba ni lokacin da muke shirin DSH, jarrabawar Jamusanci ta shiga jami'a, ta fisshe ni sosai: in ma'anar ta zahiri ce, abin da ido ke gani, to rabuwa take. In ma'anar ta aro ce, ta cikin kai, ba ta rabuwa. Ƙetarar da mutum kogi zahiri ne, fassara kuma ƙetarar da magana ce a cikin kai. Haka unterstellen, ich stelle das Fahrrad unter, na fake da keke a ƙarƙashin rumfa, amma du unterstellst mir etwas, ka ɗora mini abin da ban yi ba ko ban nufa ba. Durchschauen ma haka, ich schaue die Papiere durch na duba takardu ɗaya bayan ɗaya, ich durchschaue dich kuma na gano ka, na san abin da ka taka. Shi ke nan an wuce wajen, ba sai an yi ta hadda ba.

Maman Hanif:
Injiniya to gwada dokar taka a kan kyanwar Ɗan Fagge mu gani. Wanne ne na cikin kai, bankewar ko zagayewar?

Injiniyan Aachen:
Hmm. To wannan dai ta fita daban

Malam na Bonn:
Ba ita kaɗai ce ta fita daban ba Injiniya, shi ya sa ba na son a kira abin nan doka. Dabara ce, tana aiki wani lokaci, musamman wajen über da unter da durch, amma in ka jingina da ita gaba ɗaya za ta zame da kai. Ɗauki durchfallen, faɗuwa jarrabawa, ai ba wanda ya ga mutum ya zurma ta cikin rami da ido, amma rabuwa take, er ist durchgefallen. Ɗauki umstellen, duka fuskokinta biyu zahiri ne: ich habe die Möbel umgestellt, na sauya wa kujeru wuri, ko agogo da muke juyawa sau biyu a shekara, Lahadin ƙarshe ta Maris da Lahadin ƙarshe ta Oktoba, die Uhr wird umgestellt. Amma die Polizei hat das Haus umstellt, 'yan sanda sun yi wa gida ƙawanya. Ina na cikin kai a nan?

Shi um abin da ya fi taimakona a kansa shi ne in tambayi kaina, abin da ake magana a kansa ya motsa ko bai motsa ba. In an kayar da shi, an juya shi, an sauya masa hali ko wuri, to um ɗin mai nauyi ne kuma zai tsinke: umwerfen, umstoßen, umkippen, umbauen, umtauschen. In kuwa abin yana nan daram inda yake, wani ne ya kewaye shi, to um ɗin mara nauyi ne kuma a manne yake: umarmen runguma, umgeben, umkreisen, umzingeln. Kyanwa tana kwance ba ta motsa ba kai ka yi zagaye, umFAHren. Kyanwa ta wuntsila, UMfahren.

Injiniyan Aachen:
Na karɓi gyara Malam, amma dai kar a jefar da tawa ɗin gaba ɗaya, ta ci mini jarrabawa

Malam na Bonn:
Ba a jefar ba, a aljihun baya za a sa ta

Baban Yusra:
Ni fa ina ganin kuna tsorata sababbin zuwa ne kawai. Shekarata goma sha a ƙasar nan ina tuƙin babbar mota, ban taɓa zama na yi lissafin wai ina nauyin murya yake ba, kuma ba a taɓa kama ni da laifin harshe ba. Bajamushe ba wawa ba ne, in ka ce ka umfahren ɗin Stau ya san go-sulo ka kauce wa, wa zai banke go-sulo? Yanayin magana shi ke fassara magana. Kuma a bakin mutane in mota ta taka abu überfahren ko anfahren aka fi ji. Ku bar yara su yi magana, mai tsoron kuskure ba ya koyon yare.

Tafintar Hannover:
Yaya gaskiyarka rabi ce. Wajen Stau ba mai ruɗewa, na yarda. Amma kyanwa fa? yaro fa? mai keke fa? Duk abin da ake iya zagayewa kuma ake iya bankewa, yanayi ba zai cece ka ba, ga shi tsohuwa ta fito takalmi ƙafa ɗaya. Ni na zauna a wajen da ake ɗaukar bayanin mutum kalma da kalma ana rubutawa, in ka ce umgefahren to umgefahren za a rubuta, ba wanda zai tsaya tambayarka me zuciyarka ta nufa. Kuma anfahren da überfahren da UMfahren ba abu ɗaya ba ne, na farko ka buge shi, na biyu ka bi ta kansa, na uku ka kayar da shi ƙasa.

Baban Yusra:
To wannan kuma maganar hukuma ce, daban take. A nan kam ko ni ina taka-tsantsan. Tunda ma an zo wajen bari in faɗa wa masu sabon lasin, in ka kayar da allon hanya ko ka goge motar wani a wajen fakin kada ka kuskura ka tafi, ko ka maƙala takarda a gilashi ba ta wadatar ba, ka jira ko ka kira 'yan sanda a 110. Tafiyar ita suke kira Unfallflucht, sashe na 142 na dokar laifuka, tara ce ko ɗauri har shekara 3. Allah ya tsare.

Ɗan Fagge:
Amin. Ni da nake shirin fara Fahrschule, makarantar tuƙi, wata mai zuwa ga shi kun ƙara tayar mini da hankali, lasin ɗina na gida wata 6 kawai ya yi mini aiki

Baban Yusra:
Ta rubutu kana iya yinta da Turanci ko Faransanci ko Larabci, ba matsala. Ta tuƙi ce dole Jamusanci, mai jarrabawa yana zaune a baya yana ba da umarni. In ka ga motar shara ta tsaya a gabanka dai kada ka tsaya nazarin nahawu, zagaye ta

Maman Hanif:
Hhhh Baban Yusra. Ni tawa matsalar umgehen ce, mu ma'aikatan jinya ita ke bin mu tun daga jarrabawar B2 har intabiyu. Tambayar da ba ta taɓa ɓacewa ita ce "Wie gehen Sie mit schwierigen Patienten um?" wato yaya kike tafiyar da majinyata masu wuyar sha'ani. Wata ƙawata da muka zo tare, ba zan faɗi ƙasarsu ba, muna gwaji a ɗaki kafin ranar, ta buɗe baki ta ce "Ich umgehe die Patienten." Na ce ke 'yar'uwa in kika faɗi haka gobe a gabansu sai dai ki nemi tikitin komawa, cewa kika yi kauce musu kike ki bi ta bayan gida. UMgehen mit shi ne mu'amala, yadda kake da mutane ko kuɗi ko fushi, umGEhen kuma kauce wa abu, kamar masu zagaye doka, das Gesetz umgehen. Har mataimakinsu ma daban, ich bin damit umgegangen amma ich habe es umgangen.

Ɗan Maraɗi:
Assalamu alaikum, ina bin ku tun ɗazu ina dariya ni kaɗai cikin U-Bahn. Mu da muka yi lakwal da Faransanci tamu wahalar daban ce, don Faransanci nauyinsa kullum can ƙarshe yake faɗawa, bakinmu ya saba. Malamarmu a Hamburg ta ce in faɗi UMfahren, na ce umfahREN. Ta ce in faɗi umFAHren, na ce umfahREN. Ta ce to kai ba ka banke ba ba ka zagaye ba, kana dai cikin mota. Sai da ta sa ni ina buga tebur da hannu a kan gaɓar da ake so, UM bum, fahren, kamar mai koyon kalangu, sati guda ina yi a gida har matata ta fara tambaya ko lafiya.

Ɗalibar Hausa:
Ni abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke ta salati kamar ba mu taɓa ganin irin wannan ba, alhali harshenmu ya fi nasu wannan rikici. Rubuta "kuka" ka ba mutum, na ido ne ko na miya? Rubuta "wuya", ta jiki ce ko ta rayuwa? "Gari" fa, wanda ake zama ko wanda ake tuƙawa? "Ma'aikata", mutanen ne ko wurin aikin? Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ba ya nuna tsawon wasali, mu da muka tsotsa a nono ne muke cikewa da kanmu. Ko "ya zo" ɗin nan fuska uku gare shi a baki, ya riga ya iso, ko umarni ne a ce masa ya zo, ko kuma ana sa ran ya zo nan gaba. Jamusawan da ke koyon Hausa a jami'o'i irin su Hamburg da Köln kuka suke da mu kamar yadda muke kuka da su.

Injiniyan Aachen:
Wato dai abu ɗaya ne ke nan, su ma karin sauti gare su

Ɗalibar Hausa:
A'a Injiniya, kada mu haɗa su. Namu hawa da saukar murya ne kuma kowace gaɓa tana da nata. Nasu gaɓa ɗaya ce a kalma ake dannawa, ta fi sauran ƙarfi da tsawo, sauran su bi ta a sanyaye. Bahaushe yakan ji an ce nauyi sai ya ɗaga murya sama kawai ya bar sauran gaɓoɓin da ƙarfinsu, Bajamushe kuma ya kasa gane wacce aka danna. Amma kunnenmu a horar yake, wannan kam riba ce, wanda ya iya raba kuka da kuka ba zai kasa raba UM da FAH ba in an nuna masa sau ɗaya.

In ana neman abin da ya fi kama da umfahren a Hausa to a giredin aikatau yake, tsarin nan mai raba aikatau zuwa giredi guda 7 da masanin Hausa Parsons ya fitar wanda duk ɗan sashen Hausa ya sha haddarsa. Dubi "ranta". Kuɗin da zan ranta a wajen Ali, da kuɗin da zan ranta wa Ali, rubutu ɗaya, amma a ɗaya ni ke karɓa a ɗaya ni ke bayarwa, kuma ku faɗa a bakinku ku ji, muryar ba ɗaya ba ce. "Ara" ma haka. Har rabuwar ma muna da ɗan abin da ya yi kama da ita: na sayar da mota, amma na sayar masa da mota, ga "da" ɗin ya matsa gaba wani abu ya shiga tsakani, motar da na sayar kuma ya ɓace ɗungurungum. Wane Bahaushe ne ya taɓa zama ya haddace wannan?

Malam na Bonn:
Madalla da Malama, wannan misali na ranta ya zauna daram, zan ara in ba a hana ni ba.

Ɗalibar Hausa:
Na ara maka Malam, ka ga ma ga ta nan ta sake fitowa

Ɗan Fagge:
To yanzu a baki na gane, a danna um ko a danna fah. A rubuce fa? In wani ya turo mini saƙo a WhatsApp yaya zan yi in san wacce yake nufi tunda ba murya

Malam na Bonn:
Yawanci jimlar da kanta za ta tona asiri. In ka ga um shi kaɗai a ƙarshe, er fuhr den Poller um, an banke Poller ɗin, wato turken tare hanya. In ka ga er umfuhr den Poller, an zagaye. In ka ga ge a tsakiya an banke. Zu ma haka yake yi, mai rabuwa a ciki take haɗiye shi, umzufahren, mara rabuwa kuma a waje take barinsa, zu umfahren. Wuri biyu ne rubutu ke yin shiru. Na farko in akwai su müssen, sollen, wollen, können: du sollst ihn umfahren, wannan ko Bajamushen da aka haifa a Berlin ba zai iya rantsuwa a kai ba sai ya ji da kunne ko ya san labarin. Na biyu jimlar da ke farawa da weil ko dass ko wenn, saboda aikatau yana komawa ƙarshe sai mai rabuwar ma ta sake haɗewa, weil er den Poller umfährt. A nan kam maganar Baban Yusra ce, sai yanayi.

Baban Yusra:
Alhamdu lillahi an dawo kan magana ta

Tafintar Hannover:
Wuri biyu kawai aka ba ka Yaya, kada ka cinye gonar duka

Baƙon Vienna:
Ƙarin bayani kaɗan daga Ostiriya. A nan hanyar da ke zagaye gari ba ta shiga cikinsa Umfahrung ake ce mata, haka za ka gani a allo, a Jamus kuma an fi cewa Umgehungsstraße. Abin da na lura shi ne sunan ma yana riƙe nauyin aikataun da ya fito daga ciki, umFAHrung da umGEhung, amma UMleitung, wadda ake sawa in an rufe hanya ana gyara, don umleiten rabuwa take. Haka UMgang mu'amala. Ni ta nan nake gane su, in na san sunan sai in san aikataun.

Maman Hanif:
Wannan dabara ce mai kyau wallahi, überSETZung ma ai haka take. Ku ƙara da überziehen don ta shafi aljihu, jaket in ka ɗora a kan riga übergezogen, amma asusun banki in ka ci fiye da abin da ke ciki überzogen, ga ruwan da suke ɗorawa kamar ba gobe

Ɗan Maraɗi:
Hajiya wannan ta biyun kam ba sai an koya mana ba, wasiƙar banki ta koya mana tun watan farko

Injiniyan Aachen:
Wiederholen fa? kullum malamai na cewa wiederholen Sie bitte, ban taɓa jin an ce holen Sie wieder ba

Malam na Bonn:
Ita ma jemage ce. WiederHOlen maimaitawa, ba ta rabuwa, ich habe das wiederholt. WIEDERholen kuma ka je ka sake ɗauko abinka, ich hole es mir wieder. Sauran masu wieder kusan duk rabuwa suke, wiederkommen, wiedersehen, wiedergeben, ita ce ta fita zakka. Kuma tunda muna kan um, don Allah sababbi ku kiyayi umbringen, kada wani ya ga bringen ya ɗauka kawo abu ne ta zagaye, kashewa take nufi. Umkommen kuma mutuwa a hatsari.

Ɗan Fagge:
Kai wannan um ɗin jini ne a hannunsa. To jama'a ku rubuta mini abin da zan je in faɗa wa tsohuwar nan, don yau da safe mun haɗu a wajen kwandon shara gaisuwar da ta yi mini a daƙile ce

Tafintar Hannover:
Ka sayi ɗan abincin kyanwa a shagon dm ko Rossmann, ka ƙwanƙwasa ka ce "Entschuldigung wegen gestern. Ich habe die Katze nicht UMgefahren, ich habe sie umFAHren. Ich lerne noch." Ka danna inda na sa manyan baƙaƙe sosai, za ta yi dariya in sha Allahu. Kuma kada ka yi murmushi sai ka kai ƙarshen jimlar.

Ɗan Maraɗi:
Ka buga tebur sau goma kafin ka sauka

Ɗan Fagge:
Na dawo jama'a. Na je, na faɗa, a umFAHren ɗin har kaina na gyaɗa kamar ƙadangare. Ta yi dariya har da riƙe ƙofa, ta shigar da ni ta ba ni kofi da wani kek na tuffa, ta ce mijinta marigayi direban bas ne shekara da shekaru, shi ma da wannan kalmar yake tsokanar sababbin direbobi. Kyanwar ce dai har na fito ba ta kalle ni ba, abincin ma ta shinshina ta juya baya. Da zan tafi tsohuwar ta ce ranar Asabar in zo in taya ta da wani kabad, ta ce "wir müssen den Schrank umstellen", ni dai na ce ja ja na fito. Malam UM ta danna, na ji da kunnena, matsar da shi za mu yi ko? Don in ƙawanya za mu yi masa mu biyu ba za mu isa ba.

Malam na Bonn:
Matsarwa ce. Ka tafi da safar hannu, kabad ɗin tsofaffin nan katakon gaske ne.